Kwamfutar da ba ta tashi sai an tsaya a kanta: abin da ya faru a wata makarantar ƙauye a ƙasar Gumel

Kiran ya same ni ranar Laraba da hantsi, ina shago a Kano. Shugaban wata makarantar sakandare ce ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gumel zuwa Maigatari. Muna gama gaisawa ya ce, "Injiniya, yaron nan da ya yi mana bautar ƙasa ya kulle kwamfutar ya tafi da makullin. Yau kwana tara ba ta yi." A wurin malamin lissafinsu ya samo lambata, shi kuwa malamin, ƙanin abokina ne, tun yana ƙarami na san shi.

Babu wanda ya kulle komai. Amma sai da na yi tafiya ɗaya, na yi kuskure biyu, kafin na iya nuna masa haka.

Yadda abin yake tun farko

Ƙauyen ba ya kan layin wutar lantarki. Makarantar farantan sola take da su, da batura biyu da inbata. Ɗan bautar ƙasar da aka turo musu ya karanci kimiyyar kwamfuta, ya tarar da wata tsohuwar kwamfutar tebur a sito, ya karkaɗe ta, ya ɗora mata Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ya jona ta da rawuta. Abu biyu ya sa a ciki. Na farko Kiwix, shirin da ke ba mutum damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Fayilolinta masu ƙarewa da `.zim`, na Hausa da na Turanci, ya zuba su a faifan ajiya na waje mai igiyar USB. Na biyu wani ɗan shirin gwajin jarrabawa da ya rubuta da kansa da Python. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, kuma cikin yaran ƙauyen akwai waɗanda ranar jarrabawar ce za su fara zama gaban allon kwamfuta. Duk mai waya sai ya kama Wi-Fi ɗin makaranta, ya rubuta adireshi a burauza, ya shiga. Ba data, ba kati.

Aikin ya yi kyau, ina faɗa da gaske. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake kunna shi. Kullum da safe yaron zai zo ya danna maɓallin kwamfuta, ya sa kalmar sirri, ya buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni, ya buga layi biyu. Da yamma ya kashe. Da wa'adinsa ya cika a ƙarshen damina, ya san babu mai iya wannan, sai ya kunna ta ya bar ta, ya manna takarda a jiki: kada a kashe.

Ba a kashe ba. Amma kwamfutar da a da take hutawa da dare ta koma shan batir dare da rana. Da hunturu ya shigo, hazo ya dishe rana, ƙura ta kwanta a kan farantan, caji ya daina kai batura safiya. Wata asuba inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Da rana ta fito malamin lissafi ya kunna kwamfutar, ya sa kalmar sirrin da aka bar masa, allo ya buɗe lafiya lau. Wayoyin yara kuwa suna kama Wi-Fi, amma shafi ba ya buɗewa.

Gyara ta waya, da kuskuren farko

Na ce wa malamin ya buɗe tagar umarni ya rubuta `history` ya ɗauko mini hoto. Duk sirrin yana nan, layi biyu da ke maimaituwa kullum:

```
kiwix-serve --port=8080 /media/makaranta/AJIYA/zim/*.zim &
cd ~/gwaji && source venv/bin/activate && python app.py
```

Kafin ya kira ni ya ɗan taɓa nasa binciken. Ya hau bishiyar sabis, kamar yadda suke kiran wata kuka da ke bayan makarantar inda waya ke kamawa, ya nemo bayani a intanet. Wani shafi ya ce masa ya yi amfani da `chkconfig`, kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Wani ya ce ya rubuta a `/etc/rc.local`, ya duba babu fayil mai wannan suna. "Yaya, ko dai kwamfutar ce jabu?" in ji shi.

Ba jabu ba ce, bayanin ne na wani zamani. A duk tsarin da ya fito daga zuriyar Unix, idan kwamfuta ta tashi, shiri ɗaya tak ake fara kunnawa, lambarsa 1, shi kuma ya tashi sauran. Kamar uwargida ce da asuba: ita ke fara farkawa, ta tashi kowa bi da bi, wanda ba ta taɓa ba yana nan yana barcinsa. Shekaru masu yawa tsarin System V na kamfanin AT&T, wanda ya fito a 1983, shi ne uwargidan a yawancin Linux: ana ajiye fayilolin umarni a `/etc/init.d`, a jera su da lambobi irin S20 da S80, ƙaramar lamba ta riga babba tashi. `chkconfig` na gidan Red Hat ne a wancan tsari, Debian kuma `update-rc.d` take amfani da shi. Ubuntu ta koma nata mai suna Upstart a 2006. A 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd, Fedora ta ɗauka a 2011, Debian da Ubuntu suka bi a 2015. Har yau ba kowa ya bi ba: FreeBSD layi ɗaya ake rubutawa a `/etc/rc.conf`, Alpine na amfani da OpenRC, kwamfutocin Apple kuma launchd tun 2005. Duk wannan yana zube a intanet a cakuɗe, babu mai gaya wa malamin lissafi wanne ne na kwamfutar da ke gabansa.

Tasa systemd ce. Na rubuta masa ɗan fayil na hidima, wato bayanin shirin da systemd zai riƙa tasarwa, ta WhatsApp, ya kwafa harafi-harafi zuwa `/etc/systemd/system/laburare.service`. Sai da muka yi sau uku, domin systemd ba ya karanta layi yadda tagar umarni ke karantawa: tauraron nan na `*.zim` ba ya fassara shi zuwa sunayen fayiloli, bai san `~` ba, kuma `&` na ƙarshe ba shi da wurin zama. Muka rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil. Ya buga `sudo systemctl daemon-reload`, ya buga `sudo systemctl start laburare`, sai na ji ihun yara ta cikin wayar. Shugaban makaranta ya karɓi wayar ya yi ta sa mini albarka.

Washegari da safe shiru. Na ce ya buga `systemctl is-enabled laburare`, amsa ta fito: `disabled`. Laifina ne, ban tura masa layi na uku ba. `start` yana nufin tashi yanzu, shi ke nan, bai ɗauki alkawarin gobe ba. `enable` shi ne ke sa sunan hidimar cikin jerin waɗanda za a tasa duk lokacin da kwamfuta ta farka, kuma abin da yake yi a zahiri ƙanƙane ne: yana ƙirƙirar ɗan fayil mai nuni a cikin `/etc/systemd/system/multi-user.target.wants/`. Mutanen da suka saba da Ubuntu sukan manta da shi, saboda yawancin abin da ka girka da `apt`, umarnin girka shirye-shirye, shi da kansa yake yi maka wannan rajistar. Wanda ka rubuta da hannunka kuwa, kai za ka yi masa. Ban da uzuri, shekara nawa ina wannan sana'a.

Ya buga `sudo systemctl enable --now laburare`, ta tashi. Na ce to an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Tafiya Gumel

Kashegari ma shiru, sai in malamin ya shiga ya sake buga `start` da hannu. Na ga abin ya fi ƙarfin waya. Ranar Alhamis na kama hanya, ranar kasuwar Maigatari, motoci cike da 'yan tireda da dillalan shanu, na sauka a mararraba ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Abin da na fara yi shi ne abin da ya kamata in sa a yi tun ranar farko: na kashe kwamfutar, na kunna, na hana kowa taɓa ta. Na zauna da tawa kwamfutar ta hannu na shiga ta SSH, shirin shiga wata kwamfuta daga nesa, wanda na girka mata daga filashin da na zo da shi. `systemctl status laburare` ya nuna ja, `failed`. Na buɗe kundin abin da ya gudana tun tashinta da `journalctl -b -u laburare`. Kiwix ya tashi, bai ga fayilolinsa ba, ya faɗi. Aka sake tashinsa, ya faɗi. Sau biyar, duk cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, sannan systemd ya rubuta cewa an maimaita neman tashi da sauri fiye da kima, ya haƙura. Haka aka tsara shi in ba ka canza ba: tsakanin faɗuwa da sake gwadawa kashi ɗaya ne cikin goma na daƙiƙa, kuma in aka yi biyar cikin daƙiƙa 10 ya daina.

Me ya hana shi ganin fayilolin alhali faifan yana jone, fitilarsa na ci? Na duba `/media/makaranta/`, wayam. Na ce wa malamin ya je ya sa kalmar sirri a allon. Yana shiga, sai ga `AJIYA` ta bayyana. A nan matsalar take. A Ubuntu ta tebur, faifan waje ba ya ɗauruwa a wannan wuri sai mutum ya shiga da sunansa. Allon tebur ne ke ɗaura masa shi don sauƙi. Hidimomin `multi-user.target` kuwa suna tashi tun kafin kowa ya shiga. Duk gwajin da muka yi ta waya mun yi shi ne malamin yana ciki, faifan a ɗaure, shi ya sa kullum yake yi a gabansa ya ƙi a bayansa.

A nan ne kuma na wanke ɗan bautar ƙasar a idon shugaban. Da na buga `crontab -l` na ga ya taɓa gwada layin `@reboot`, wata tsohuwar dabara ta sa cron, shirin da ke gudanar da umarni bisa jadawali, ya kunna abu a lokacin tashi, sannan ya toshe layin. Wannan ramin shi ma ya faɗa, da ƙarin wani: Kiwix ɗin a cikin foldar mai amfani da kwamfutar ya ajiye shi, kuma fayil ɗin `.bashrc` ne ke nuna hanyarsa, cron kuwa ba ya karanta wannan fayil. Ya gwada, ta ƙi, lokaci ya ƙure masa. Na nuna wa shugaban layin na ce, "Ranka ya daɗe, ga shaidar ya so ya bar muku ita tana tashi da kanta." Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya yafe masa zargin da ya yi.

Abin da aka gyara

Na ba faifan mazauni na dindindin. `blkid` ya ba ni lambarsa ta UUID, wadda ba ta canzawa ko an sauya ramin USB, na ƙirƙiri `/srv/ajiya`, na ƙara layi a `/etc/fstab`, jerin faifan da ake ɗaurawa lokacin tashi. Na sake kunnawa, ta yi.

Sai na cire igiyar faifan na sake kunnawa, don na ga yadda yake a ajiye a kan tebur, kuma na san wata rana wani zai are shi ya kwafi hotunan biki. Kwamfutar ta tsaya tana jiransa daƙiƙa 90, daga nan ta faɗa yanayin gaggawa: baƙin allo, ba Wi-Fi mai amfani, ba shirin jarrabawa, ba komai. Kuskurena na biyu ke nan, gara da ya fito ina wurin. Duk faifan da ka rubuta a `fstab` haka kawai, systemd ɗaukarsa yake wajibi. Maganin kalma ɗaya ce, `nofail`:

```
UUID=... /srv/ajiya ext4 defaults,nofail,x-systemd.device-timeout=30 0 2
```

Sai dai `nofail` tana zuwa da nata. Tunda ka ce faifan ba dole ba ne, tashin kwamfuta ba zai tsaya jiransa ba, ke nan Kiwix na iya riga shi shiryawa, mu koma gidan jiya. Dole ita hidimar ta faɗa da bakinta cewa ita tana bukatarsa. Na mayar da Kiwix `/usr/local/bin`, na haɗa fayilolin ZIM a jeri ɗaya da `kiwix-manage` don kada a riƙa taɓa fayil ɗin hidima duk lokacin da aka ƙaro littafi. Ga yadda ya ƙare:

```
[Unit]
Description=Laburaren makaranta
RequiresMountsFor=/srv/ajiya

[Service]
User=makaranta
ExecStart=/usr/local/bin/kiwix-serve --port=8080 --library /srv/ajiya/zim/laburare.xml
Restart=on-failure
RestartSec=10

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

`RequiresMountsFor` aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya: yana jawo ɗaurin faifan, yana kuma sa hidimar ta jira shi. Na ambaci wannan ne saboda mutane da yawa `After=` kaɗai suke sawa su ɗauka sun gama, alhali ita jeri kawai take tsarawa, wa zai riga wa; ba ta tashin kowa. `RestartSec=10` kuma ya sa in Kiwix ya faɗi ba zai ƙone damarsa biyar a ƙiftawar ido ba. `User=makaranta` don kada ya gudana da ikon mai gida gaba ɗaya, tunda wayar kowane yaro tana magana da shi.

Shirin jarrabawar bai ba da wahala ba. Ba a bukatar `source` da `activate`. A `ExecStart` na kira Python ɗin da ke cikin `venv/bin` kai tsaye, na sa `WorkingDirectory` ya nuna foldarsa. A rawuta kuma na keɓe wa kwamfutar adireshi ɗaya, don wanda aka rubuta da alli a bangon aji ya daina zama ƙarya bayan kowace ɗaukewar wuta.

Abin da ba na Linux ba

La'asar ta yi, na ce a kashe inbata a kunna mu gani. Kwamfutar ko motsi. Wannan ba ruwan systemd, domin shi sai injin ya kunnu yake da rai. A cikin BIOS, saitin injin kansa da ke aiki kafin Linux ya tashi, akwai zaɓin abin da kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo. A injinan Dell `AC Recovery` ake kiransa, a na HP `After Power Loss`. Zaɓi uku ne galibi: ta zauna a kashe, ta koma yadda take kafin ɗaukewa, ko ta kunnu. Na zaɓi ta kunnu.

Muka sake gwadawa. Ta kunnu, ta tsaya a baƙin allo tana neman a danna F1, kwanan wata ya koma shekarun baya. Malamin ya ce ai kullum haka take yi, shi yake danna mata, bai ɗauka abin faɗa ba ne. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin injin, CR2032, shi ne ya mutu, kuma shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Duk abin da na saita zai iya gogewa a daren farko. Ɗan acaɓan da ya kawo ni ya koma Gumel ya samo shi wurin mai gyaran agogo, kuɗin mansa ya ninka kuɗin batirin sau da yawa. Na kwana a ɗakin malamin.

Da dare na yi ta juya abin a raina. In na bar ta haka, na gyara tashi ne ban gyara faɗuwa ba. Kullum batura za su ƙare cikin dare, wuta ta yanke mata tana tsakiyar aiki, da sassafe kuma inbata ta riƙa kawowa tana ɗaukewa kafin rana ta yi ƙarfi, ita kuma tana tashi tana mutuwa. Faifai ba ya daɗewa a haka, batura ma haka. Da safe na rubuta mata agogon kashe kai: fayil ɗin `kashe-dare.service` mai kiran `systemctl poweroff`, da abokinsa `kashe-dare.timer` mai layin `OnCalendar=*-*-* 21:00:00`. Shi agogon ake yi wa `enable`, ba hidimar ba. In ka sa hidimar cikin jerin masu tashi, kwamfutar tana farkawa za ta kashe kanta. Haka nan na guji `Persistent=true`, wanda ake yawan gani a misalai. Aikinsa rama abin da aka rasa: in ƙarfe tara ta wuce kwamfutar na kashe, da ta tashi da safe sai ta rama, wato ta mutu nan take. Da yake babu intanet da zai daidaita mata lokaci, da `timedatectl` na saita agogon da hannu, sabon batirin ya riƙe.

Saura abu ɗaya. Kwamfutar da ta kashe kanta lafiya ba za ta farka ba sai wuta ta yanke ta dawo. Shugaban ne ya warware wannan, ba ni ba. Ya sa aka kira maigadi, wani dattijo da ke kwana a zauren makarantar, ya ce, "Baba, in ka dawo daga shan shayi da dare ka ga fitilar akwatin nan ta mutu, ka danna wannan jan maɓallin na inbata. In rana ta fito ka sake dannawa." Dattijon ya tambaya ko akwai wani karatu da ake yi kafin a danna. Aka ce babu. Ya ce to wannan ai ko jikansa zai iya. Aka kuma ɗora wa 'yan aji uku goge farantan sola duk Litinin da Alhamis har hunturu ya wuce.

Kafin in tafi mun yi gwajin sau uku, ba madannai, ba allo, na cire su na ajiye a ofis. Maigadi ya danna, mu muna tsaye a tsakar makaranta da wayoyi. Duk ukun shafin ya buɗe kafin minti biyu. Na huɗu na cire faifan: laburare bai tashi ba, shirin jarrabawa ya tashi, kamar yadda aka so.

Akwai abin da ban gyara ba. Shirin jarrabawar yana nauyi in yara sun haura talatin a lokaci ɗaya, saboda a kan ƙaramar sabar gwaji ta Python yake gudana, kuma baturan sun tsufa, ko an goge farantan ba za su kai wani hunturun ba. Na rubuta wa shugaban duka biyun a takarda, tare da umarni uku da malamin zai buga ya turo mini hoto in wani abu ya faru: `systemctl status`, `journalctl -b`, da `systemctl --failed`.

Bayan mako uku malamin ya kira. Gabana ya faɗi, na ce me ya mutu kuma. Ya ce babu, maigadi ne ya kawo ƙara: 'yan aji shida sun gano lokacin da yake danna maɓallin, tun kafin a buɗe ƙofa suke zuwa su jeru a bayan katanga da wayoyin iyayensu, har sun fara ƙwanƙwasa masa zaure in ya makara.